An bar jaki ana dukan taiki: ba kowace yankewar intanet ce laifin sabis ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan digiri na biyu da 'yan ajin ƙarshe masu fama da furojet.

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda datarsa ke kan gaɓa ya adana shi ya karanta daga baya.

Akwai amsa ɗaya da ta zame mana maganin kowace tambaya a makaranta: "sabis ne." Me ya sa ba ka turo aikin ba? Sabis ne. Me ya fitar da kai daga Zoom ana tsakiyar lacca? Sabis ne. Kuma sau da yawa gaskiya muke faɗa. Sai dai saƙon da ya bar laftof ɗinka zango uku yake yi kafin ya isa inda ka aike shi. Daga laftof zuwa wayarka ko maifai ɗinka, zango ɗaya. Daga nan zuwa ƙarfen sabis na unguwarku, zango biyu. Daga ƙarfen zuwa sauran duniya, zango uku. Kamfanin layi na biyu da na uku ne a wuyansa. Na farkon, wannan 'yar tazarar da ba ta wuce taku biyu ba, a cikin ɗakinka take, kuma gyaranta yana hannunka in ka san ita ce ke ciwo.

Ni a watan Afrilu abin ya same ni, bayan ƙaramar Sallah. Sufabaiza biyu gare ni. Babban yana nan gida. Na biyun, wanda shi ne gwani a ɓangaren lissafin bayanan aikina, ya tafi Maleshiya bincike na shekara guda. Tsakaninmu da su awa 7 ne, kuma lokacin da yake samun sarari shi ne ƙarfe 9 na darensu, wato ƙarfe 2 na rana a nan Gombe. Wanda ya taɓa zaman haya a Malam Inna ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu. Galibi kuma a daidai lokacin babu wuta.

Sai mu fara lafiya lau. Minti 6, minti 8, sai muryarsa ta fara karkarwa, hoton ya daskare, alamar waifai da ke ƙasan sikirin ta koma zanen duniya. In kashe, in kunna, in dawo, mu ɗora. Bayan wasu mintuna a sake. A zamanmu na uku, da na dawo karo na huɗu, ya ce da ni cikin sanyin murya, ba faɗa ba tsawa: "Ka ga, ni ba na sa hannu a babin da ban ji bayaninsa daga bakin mai shi ba. In wannan zangon ba zai yiwu ba, mu bari sai na gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako ɗaya."

Ku kun san ma'anar "sai zango na gaba." Sunanka ya fita daga jerin masu gabatarwa, ga sabon kuɗin rajista, ga sabuwar haya. Yayana ne ke ɗaukar nauyin karatun nan, kuma shi ma 'ya'yansa huɗu ke makaranta. Ban ga bakin da zan buɗe in ce masa an ƙara mini watanni saboda waifai ba.

Duk wanda na faɗa wa, shawararsa ɗaya ce: canja layi. To na gwada. Na ari sim biyu a hannun abokai, na haɗa da nawa uku, kamfani daban-daban. Dukkansu haka, kusan a minti iri ɗaya. Sannan na lura da wani abu: a daidai lokacin da laftof ke cewa babu intanet, saƙonnin WhatsApp suna ta shigowa wayar da ke ba ta intanet ɗin. In sabis ne ya ɗauke, ita wayar a ina take samu?

Akwai wani ƙanena a gidan hayarmu, ɗan aji 3 a kimiyyar kwamfuta. Da na ba shi labari sai ya ce, "Yaya, ka dakata da sayen data tukuna. Mu fara gano inda rufin yake yoyo." Abin da ya nuna mini bai kai minti 5 ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutun.

Ga yadda ake yi a Windows. Ka danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Wata baƙar taga za ta buɗe. Ka rubuta ipconfig. A cikin abin da zai fito ka nemi layin da aka rubuta Default Gateway, ka kwafe lambar da ke gabansa. Wannan lambar adireshin wayarka ne ko maifai ɗinka. Yawancin maifai 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 suke, iPhone kuma 172.20.10.1, na Android kan canja, shi ya sa gara ka duba da kanka.

Sai ka rubuta ping, ka ba da tazara, ka sa lambar, ka ƙara tazara, ka rubuta -t. A wata baƙar tagar daban kuma ka rubuta ping 8.8.8.8 -t. Wannan ta biyun adireshin wata na'urar Google ce. Ka jera tagogin biyu gefe da gefe ka ci gaba da aikinka.

Shi ping kamar yaro ne ka aika ya yi sallama a ƙofa ya dawo ya faɗa maka ko an amsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Taga ta farko ƙofar wayarka take ƙwanƙwasawa. Ta biyu ƙofar can waje. In an amsa za ka ga Reply da adadin lokaci, in ba a amsa ba za ka ga Request timed out.

Fassarar ba wuya. In tagar farko ce ta fara yankewa, matsalar tana tsakanin laftof da waya, kamfanin layi ba ruwansa. In ta farko tana amsawa lafiya ta biyu ce ke yankewa, to wannan sabis ne na gaske. In duka biyun suna amsawa amma shafin da kake nema ya ƙi buɗewa, ka gwada wani shafin, domin sau da yawa shi shafin ne jama'a suka yi wa yawa.

Na ɗauki takarda na ja layi uku: lokaci, akwai wuta ko babu, wace taga ce ta yanke. Kwana uku ina rubutawa. Sau 11 ya yanke. A cikinsu 9 tagar farko ce, kuma duka 9 ɗin laftof tana kan batir. Da akwai wuta tana jone, sai in yi awa biyu ba ko tari. Sauran biyun da dare ne, kuma tagar waje ce kaɗai.

Akwai ma wanda zai rubuta maka wannan tarihin ba sai ka ja layi ba. Ka buɗe baƙar tagar ta hanyar Run as administrator, ka rubuta netsh wlan show wlanreport. Zai haɗa maka rahoton kwana uku da suka wuce, da lokacin kowace haɗuwa da kowace rabuwa, ya kuma nuna maka inda ya ajiye shi. Da na ɗora rahoton a kan takardata, lokutan suka zo ɗaya.

Mai laifi na farko ke nan: tattalin batir. An ƙera laftof ta yadda da zarar an cire ta daga wuta za ta fara rage wa sassanta abinci don batir ya daɗe, kuma katin waifai yana cikin waɗanda ake rage wa. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, mutum zai shekara bai lura ba. Mu da rabin karatunmu a kan batir muke yi, kullum muna cikinsa. In aka haɗa da tsohuwar laftof 'yar Kwatano irin tawa, sai katin ya riƙa gyangyaɗi ana tsakiyar magana.

Gyaran wuri biyu ne. Na ɗaya, ka nemo Device Manager, ka buɗe Network adapters, ka danna sau biyu a kan wanda ke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ke kan layin da ya fara da Allow the computer to turn off this device. Wasu sababbin laftof ba su da wannan shafin, kada hankalinka ya tashi. Na biyu, ka shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings. A ƙarƙashin Wireless Adapter Settings ka mayar da na On battery zuwa Maximum Performance. Batir zai ɗan fi saurin sauka, wannan gaskiya ne, amma ni dai gara in yi awa ɗaya da rabi a haɗe da in yi awa biyu ina fita ina shiga.

Washegari da ƙarfe 2 na gwada da wani abokina da ke Zariya. Muka wuce minti 8, muka wuce 20, har na fara murmushi. Wajen minti 35 sai ya yanke. Amma wannan karon da bambanci: sunan hotsfot ɗin ma gaba ɗaya ya ɓace daga jerin. Na ɗauki wayar, wallahi kamar an sauke ta daga kasko.

Mai laifi na biyu: zafi. Wayar da ke hotsfot aiki biyu take yi lokaci guda, tana magana da ƙarfen sabis tana kuma watsa wa laftof. In ka jona ta a fawa bank, ka ƙara mata na uku. Kamfanin Apple ma da kansa ya ce an yi wayoyinsa ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Gombe yakan doshi 40, balle cikin ɗaki. In waya ta yi zafi takan rage aiki don ta kare kanta, wasu har su kashe hotsfot ɗin. Na cire mata riga, na ɗauke ta daga kan katifa, domin katifa riƙe zafi take, na ajiye ta a kan siminti kusa da taga inda rana ba ta dukanta. Na kuma kashe tsarin tattalin batir na wayar, shi ma yakan taɓa hotsfot.

Abin da ya fi duka aiki shi ne kebul. Ka haɗa waya da laftof da kebul ɗin caji mai kyau, wanda ke ɗaukar fayil, ka shiga setin hotsfot ka kunna USB tethering. Shi ke nan ka cire waifai daga lissafi. Wayar ta rage zafi, tana kuma samun ɗan caji daga laftof. Duk ranar da zan yi zama mai muhimmanci, yanzu haka nake yi.

Na uku bai cika yanke ni ba, amma yana sa murya ta riƙa tsinkewa. Da yamma in kowa ya dawo gida, lambar da ke tagar farko takan tashi daga 3 ko 4 ta koma ɗari biyu, ɗari uku. Wata rana na ƙirga sunayen waifai da laftof ɗina ke gani daga kan tabarmata, 17 ne. Kowane ɗaki da hotsfot ɗinsa. Shi waifai hanya biyu yake bi, 2.4 da 5. Yawancin wayoyi a 2.4 suke zuwa, kuma a wannan hanyar layuka uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Ku ɗauka mutum 17 ne ke magana a ɗaki ɗaya, dole wani ya jira wani. Bluetooth ma a nan yake bi, don haka abin sa wa a kunne marar waya yana ƙara cunkoso. In wayarka da laftof ɗinka duk suna ɗaukar 5, ka koma can. A Android ana samunsa a setin hotsfot inda aka rubuta AP band, a iPhone kuma kashe Maximize Compatibility ake yi. Ita 5 ta fi sauri kuma ba kowa a kanta, rauninta shi ne ba ta jure nisa da bangon bulo. Tunda wayar tana gefenka, wannan bai dame ka ba.

Da na ba da labarin nan a gurup ɗin ajinmu, wata 'yar ajinmu mai goyo ta yi mini magana. Ita ba ta da halin fita da dare neman inda sabis ya fi kyau kamar yadda maza ke yi, duk karatunta sai yara sun yi barci. Ta ce ta yi duk abin da na faɗa, ba canji. Maigidanta ya kawo mini laftof ɗin daga Tumfure. Muka lura in waya tana kan madannai, alamar waifai a cike take. Da an matsar da ita zuwa bakin ƙofa sai ta koma ɗigo ɗaya, alhali tawa a wuri ɗaya a cike take. Na kira ta na ce, "Hajiya, an taɓa buɗe laftof ɗin nan?" Ta ce yaro ya taɓa yar da ita, an canja sikirin.

Mutane da yawa ba su san eriyar waifai ta laftof a cikin murfi take ba, a gefen sikirin. Wasu siraran wayoyi biyu ne, galibi baƙa da fara, ke tasowa daga katin, su bi ta maɗaurin murfin su hau sama. In an canja sikirin ko an gyara maɗauri, akan manta a mayar da su, ko murfin ya datse ɗaya. Da aka kai wa mai gyara ya buɗe, ɗaya a cire take. Minti 10 aka mayar. Wata huɗu baiwar Allah tana zaton unguwarsu ce ba sabis. Wanda nasa katin ne ya mutu gaba ɗaya, akwai ɗan ƙaramin waifai da ake soka wa a ramin USB, ana samunsa wurin masu kayan kwamfuta.

Abu na ƙarshe a ɓangaren laftof shi ne direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin waifai. In matsalarka ta fara ne bayan an sake ɗora Windows ko bayan sabuntawa, ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sauke wanda ya dace da lambarta. In kuma sabon ne ya kawo matsalar, a cikin Device Manager ɗin nan akwai Roll Back Driver da zai mayar da kai tsohon.

To sai ranar da sabis ne da gaske, don akwai ta. Tsakanin sallar Isha'i da wajen ƙarfe 11, unguwa gaba ɗaya tana kan ƙarfe ɗaya, masu kallon ƙwallo da masu TikTok da mu masu neman maƙala. Alamar sabis a cike, amma ba motsi. Wani lokacin kuma wayar ce ke tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle sai an ɗan yanke. A shafin setin maifai ana iya ɗaure shi a 4G kawai. Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin Gombe gaba ɗaya. Kun tuna 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa? Intanet ya durƙushe a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har manhajojin banki suka ƙi aiki. A irin wannan ranar ko ka kwana kana taɓa setin laftof ba abin da zai canja. Amfanin tagogin nan biyu ke nan, su faɗa maka yaushe za ka gyara, yaushe za ka haƙura.

Ko a ranar haƙurin akwai dabara. Ka kashe bidiyo, ka bar murya. A lissafin Zoom, murya kaɗai abin da take buƙata bai kai kashi ɗaya bisa bakwai na abin da bidiyo mafi sauƙi ke ci ba. Ka tura wa malami fayil ɗin tun kafin zama, da lambar shafi, yadda ko an yanke zai san inda kuke. Manyan saukewa ka bar su sai bayan Asuba. Sannan ka shiga setin waifai ɗinka ka kunna Metered connection, don kada Windows ya zaɓi tsakiyar zamanka da sufabaiza ya fara sauke sabuntawa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ba wanda ke da datar da zai bari ta zube a bayan fage.

Zamana na huɗu da Malam ya yi minti 40 cif, har Zoom ɗin kyauta ya rufe da kansa muka sake buɗe wani. Ya kama ni a wurare biyu a lissafina, ya ba ni gyara shafi uku, a ƙarshen mako ya sa hannu. Sunana ya shiga jerin.

Ga tsarin a taƙaice ga wanda ya tsallako ƙasa. Ka fara duba ko waya na da intanet a lokacin da laftof ta rasa. Ka buɗe tagogi biyu. Ka rubuta lokaci da yanayin wuta. Ka gyara tattalin batir. Ka taɓa wayar ka ji zafinta. Ka gwada kebul. Ka koma 5. In duk ba su yi ba, ka tambayi tarihin murfin laftof ɗin. Kuma don Allah abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. In ka canja biyar tare abin ya gyaru, ba ka san wanne ne maganin ba, ranar da ya dawo kuma ka koma farko.

Wannan ai duk mun karanta shi a babi na 3. Mu ne ke cika shafuka da bayanin yadda ake tattara bayanai da yadda ake riƙe sauran abubuwa a canja ɗaya. Ya kamata ilimin nan ya biyo mu har ɗaki. Hirar neman tallafin karatu, tarukan ƙara wa juna sani, ganawa da malamin da ke waje, da yawansu yanzu ta intanet ake yi, kuma wanda ke ɗaya ɓangaren bai san da zafin Malam Inna ba, abin da ya gani kawai shi ne ɗalibin da ke fita yana dawowa. Abin da ya fi ƙarfinmu mun bar wa Allah. Wanda ke cikin taku biyun nan kuwa, mu gyara kayanmu.

Wanda ya gwada, ya rubuto abin da tagoginsa suka nuna, da unguwarsa da lokacin, mu duba tare. 'Yan kimiyyar kwamfuta kuma ku ƙara mana abin da kuka sani, musamman ga masu Mac da Linux. Ku tura wa 'yan ajinku mata da ba sa iya fita da dare.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya, Ya saka wa masu ɗaukar nauyinmu da alheri. Amin.